Filin Amsa Tambayoyi: Cika Sharaɗi Daban, Samun Gurbin Jami'a Daban

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan a kan sharuɗɗan shiga jami'a suke, kasancewar lokacin cike fom da jiran sakamako ya kama. Mun zaɓi bakwai daga cikinsu, mun taƙaita waɗanda suka yi tsawo, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Da yake ba ƙasa ɗaya duka masu tambayar suke da niyyar yin karatu ba, amsoshin za su riƙa ɗauko misali daga tsare-tsaren ƙasashe daban-daban.

Tambaya: Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na kammala sakandare da kiredit bakwai, ciki har da Turanci da lissafi, kuma makin da na ci a jarrabawar shiga jami'a ya haura wanda aka sanar a matsayin mafi ƙaranci da tazara mai yawa. Na nemi kwas ɗin harhaɗa magunguna, amma jerin sunaye ya fito har sau biyu babu nawa, alhali wani abokin karatuna da na fi shi maki ya samu gurbi a wani sashe na wannan jami'ar. Idan cika sharuɗɗa ba ya ba mutum gurbi, to mene ne amfaninsu? Daga wani ɗalibi mai jiran tsammani.

Amsa: Ɗana, babu tambayar da ake maimaita mana kamar wannan, kuma tushenta shi ne yadda aka ɗauki sharuɗɗan tun da farko. Abin da jami'a ke bugawa iyaka ce da aka shata domin a san wanda ya cancanci a duba takardunsa. Wanda bai kai ta ba, ko fayil ɗinsa ba za a buɗe ba. Wanda ya haye ta kuwa ya shiga sahun masu takara ne kawai, kuma daga nan abin da zai yanke hukunci shi ne yawan guraben da sashen yake da su, da kuma ƙarfin sauran mutanen da suka nemi wannan kwas a wannan shekarar. Kamar mota ce mai ƙididdigaggun kujeru: kuɗin da ke hannunka ya ba ka damar tsayawa a layi, amma bai ƙara wa motar kujera ko ɗaya ba.

Guraben kuwa ba son ran jami'a ne ke taƙaita su ba. Sashen da yake da ɗakin gwaje-gwaje mai ɗaukar mutum sittin ba zai iya koyar da ɗari uku yadda ya kamata ba, kuma a kwasa-kwasan lafiya hukumomin da ke kula da sana'ar su ne suke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta. A Najeriya, alal misali, majalisar kula da aikin likitanci ta ƙasa, wato MDCN, ce ke yanke wa makarantun likitanci wannan adadi, kuma makarantar da ta wuce shi tana jefa ɗalibanta cikin matsala a lokacin ba da lasisi.

Ka duba lissafin da kanka. A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar shiga jami'a ta Najeriya, wato UTME ta hukumar JAMB, kuma mafi ƙarancin makin da aka amince jami'o'i su karɓa shi ne 150 daga cikin 400. Wannan 150 ɗin na ƙasa baki ɗaya ne. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata sama da haka, kuma a cikin jami'ar kowane sashe yana da nasa, wanda gasa ce ke haifar da shi. Tsarin Jamus ya fi fito da wannan gaskiyar fili. A kwasa-kwasan da masu nema suka fi guraben yawa, ana jera mutane bisa makin takardarsu ta kammala sakandare, a ɗauka daga sama har guraben su cika, sannan makin mutum na ƙarshe da ya samu shiga shi ne lambar da ake bugawa a matsayin ta wannan zangon. Wato lambar ba ta wanzu ba sai bayan an gama zaɓe, kuma shi ya sa take hawa da sauka daga shekara zuwa shekara.

Bayan maki akwai kuma rabon gurabe. Jami'o'in gwamnatin tarayya a Najeriya suna ba da kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ayyana a matsayin waɗanda aka bari a baya wajen ilimi. A ƙasar Sin, inda fiye da mutum miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar gaokao a 2024, kowane lardi yana da kasonsa a manyan jami'o'i, ta yadda maki iri ɗaya zai shigar da ɗan wani lardi ya bar ɗan wani a waje. A Amurka kuwa manyan jami'o'i irin su Harvard suna ɗaukar ƙasa da biyar cikin kowane ɗari na masu nema, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake mayarwa ba su da aibu ko kaɗan a sakamakonsu. Saboda haka abokinka bai tsallake ka ba. Layinsa daban ne, kuma ya fi naka gajarta.

Abin da ya rage maka yanzu shi ne, da farko, ka tabbatar ba wani ƙaramin sakaci ne ya riƙe ka ba. Idan ta hannun JAMB ka nema, shiga shafinka na CAPS, tsarin da hukumar ta fara amfani da shi a 2017, ka duba ko sakamakonka na sakandare yana kai, domin ɗalibin da bai ɗora shi ba jami'a ba ta iya miƙa sunansa ko da makinsa ya kai. Na biyu, ka nemi sanin yadda jami'ar ke haɗa jimilla, saboda wasu suna gauraya makin UTME da na jarrabawar tantancewa da kuma darajar kiredit ɗin sakandare, ta yadda mai A1 da B2 zai iya wuce mai C6 ko da ya fi shi a UTME. Na uku, ka tambayi makin da sashen ya tsaya a kai bara. Idan tazarar kaɗan ce, sake zama jarrabawar abu ne mai ma'ana. Idan mai faɗi ce, ka duba kwas makusanci wanda za ka iya so don kansa. Abin da ba na ba da shawara shi ne mutum ya karɓi kwas ɗin da ba ya so da nufin zai koma harhaɗa magunguna ko likitanci daga baya, domin waɗannan sassan a cike suke tun daga aji ɗaya, kuma kaɗan ne ƙwarai ake bari su sauya zuwa cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata za ta shiga babbar sakandare a zango mai zuwa, kuma tun tana ƙarama take cewa likita take so ta zama. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, shi ya sa nake tambaya ko akwai abin da ya kamata mu kula da shi tun yanzu, ko kuwa sai ta gama makaranta za a fara maganar jami'a. Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kin yi tambayar a kan kari, domin mafi yawan iyaye sai bayan shekara uku suke yin ta, lokacin da gyara ya yi wuya. Tun ran gini, ran zane: maganar jami'a tana farawa ne ranar da yaro ya zaɓi darussan da zai yi a babbar sakandare, saboda sharuɗɗan shiga na kowane kwas ne, kuma darasin da ba a karanta ba babu yawan makin da zai maye gurbinsa.

Ga mai son likitanci, darussan da kusan ko'ina ake nema su ne bayoloji da kemistiri, sannan fiziks da lissafi, tare da harshen da ake koyarwa da shi. A tsarin jarrabawar WAEC, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci suka yi tarayya a kanta, sakamako yana tashi daga A1 zuwa F9, kuma kiredit daga C6 yake farawa ya yi sama. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba sa shiga lissafin kiredit biyar ɗin da jami'o'i ke nema. Yawancin kwasa-kwasai suna yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma makarantun likitanci da dama suna sharɗanta zama ɗaya, don haka ya kamata ta ɗauki zaman farko da muhimmancin da ya dace da shi. A jarrabawar UTME ma darussa huɗu ake zaɓa, Turanci dole ne, sauran ukun ga mai neman likitanci su ne bayoloji da kemistiri da fiziks. Wanda ya saka lissafi a madadin ɗayansu ya fitar da kansa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa. Mai neman injiniya shi ne ke buƙatar lissafi a nan, kamar yadda mai neman lauya ke buƙatar adabin Turanci.

Idan kuma akwai tunanin wata ƙasa, kowace da hanyarta. A Birtaniya ana nema ta hannun hukumar UCAS, wa'adin masu son likitanci yana cika ranar 15 ga Oktoba na shekarar da ta gabaci shiga, zaɓi huɗu kawai ake yarda su ba likitanci daga cikin biyar ɗin da fom ya ƙunsa, kuma akwai jarrabawar UCAT da ganawa ta baki kafin a yanke hukunci. A Indiya jarrabawar NEET ce ƙofar shiga. A Amurka, bisa tsarin da aka saba, ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai mutum ya yi digiri na farko, ya zauna jarrabawar MCAT, sannan ya nemi makarantar likitanci.

Shawarata gare ki ita ce ki ziyarci makarantar da za ta shiga, ki nemi a nuna miki ɗakin gwaje-gwaje, ki tambaya ko akwai malamin fiziks da na kemistiri na dindindin, kuma sau nawa ɗalibai ke yin aikin gwaji da hannunsu. Waɗannan darussa suna da ɓangaren aikin hannu a jarrabawar ƙarshe, kuma yarinyar da ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa an riga an cuce ta. Sannan a bar mata ƙofa a buɗe. Darussan nan su ne kuma ke kai mutum aikin jinya da harhaɗa magunguna da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da ɗaukar hoton cikin jiki da gashin ƙashi, kuma yarinya 'yar shekara goma sha huɗu tana da haƙƙin ta sauya ra'ayi idan ta san fagen da kyau.

Tambaya: Malam, ina da sakamakon WAEC mai kyau kuma ina son yin digiri a Turai. Wani ya ce mini takardar ba ta da amfani a can, wani kuma ya ce da ita kaɗai za a ɗauke ni. Wanne ne gaskiya? Kuma me ya sa za a ce in zauna jarrabawar Turanci alhali da Turanci na yi duk karatuna? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, dukkansu sun faɗi rabin magana. Takardarki sananniya ce, amma kowace ƙasa tana auna takardun waje ne da ma'aunin abin da 'ya'yanta ke kawowa. Ɗalibin Ingila yana shiga jami'a bayan shekara biyu yana zurfafa karatu a darussa uku na matakin A-level, kuma digirinsa shekara uku ne saboda an riga an yi masa wannan share fagen. Shi ya sa jami'o'in Birtaniya da yawa suke neman mai takardar WAEC ya fara yin shekara guda ta sharar fage, ko ya zo da A-level, ko diflomar IB wadda makinta ke tsayawa a 45, ko kuma shaidar ya kammala shekarar farko a wata jami'a da aka amince da ita. Wasu jami'o'in sun fi wasu sassauci, don haka shafin jami'ar da kike so, a sashen da aka ware wa masu nema daga ƙasarki, shi ne hujja.

A Jamus akwai kundin bayanai na hukuma mai suna anabin, wanda ke nuna matsayin takardar kowace ƙasa. Wanda takardarsa ba ta kai matsayin Abitur ba, wato takardar kammala sakandare ta Jamus, ana tura shi kwalejin sharar fage da ake kira Studienkolleg, ya yi shekara guda, ya ci jarrabawar ƙarshe, sannan ya nemi jami'a. A Faransa takardar bakaloriya ce mizani, kuma ɗaliban ƙasashen da ke bin wannan tsari, irin su Nijar, hanyarsu ta fi miƙewa. Masu nema daga ƙasashe da dama suna bi ne ta ofishin Campus France. Jami'o'in Amurka, waɗanda digirinsu shekara huɗu ne, sun fi karɓar takardar sakandare kai tsaye, sai dai suna haɗawa da rahoton makin shekarun makaranta da wasiƙun malamai da rubutun da ɗalibi ya yi game da kansa. Jarrabawar SAT da ACT ma, waɗanda jami'o'i da yawa suka sassauta a lokacin annobar korona, MIT ta dawo da sharaɗinsu a 2022, Harvard da Yale da wasu kuma suka bi sahu a 2024.

Game da harshe, kokenki yana da tushe, kuma jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar kiredit na Turanci a WAEC a madadin wata jarrabawa. Waɗanda ba su karɓa ba suna neman IELTS ko TOEFL ko makamancinsu. IELTS tana auna saurare da karatu da rubutu da magana, makinta yana tsayawa a 9, kuma yawancin kwasa-kwasan digiri na farko suna neman 6.0 ko 6.5, likitanci da lauya kuma sama da haka. Ki lura da abu biyu da ke kayar da mutane. Sau da yawa ana sharɗanta mafi ƙarancin maki a kowane ɓangare, ta yadda mai jimillar 7.0 zai iya faɗuwa saboda rubutunsa 5.5 ne. Sannan sakamakon shekara biyu yake aiki, don haka wanda ya yi gaggawar zama tun kafin ya shirya sauran takardunsa zai iya samun kansa yana sake biya. Idan da Jamusanci za a koyar da kwas ɗin, TestDaF ko DSH za a nema. Idan da Faransanci ne, galibi matakin ƙwarewar harshe da ake kira B2.

Wani abin kuma shi ne, takardar ɗauka daga jami'a ba biza ba ce. Bayan jami'a ta amince, sai ta ba da takardar CAS idan Birtaniya ce, ko fom ɗin I-20 idan Amurka ce, kuma ofishin jakadanci yana da nasa sharuɗɗan, musamman shaidar kuɗin makaranta da na zama. Wanda bai da hanyar cika wannan ba, gara ya fara da neman tallafin karatu kafin ya kashe kuɗi a kan fom.

Tambaya: Malam, ɗana ya gama sakandare yana da shekara 15, kuma sakamakonsa ya yi kyau sosai. An ce sai ya jira. Wannan ba zalunci ba ne? Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, Allah ya raya shi. A Najeriya shekara 16 ce mafi ƙaranci. An yi yunƙurin mayar da ita 18 a 2024, amma aka janye. Akwai ƙofa ga masu hazaƙa ta musamman, sai dai ƙunƙuntacciya ce, domin a 2025 an nemi irin waɗannan yara su ci aƙalla 320 a UTME kafin ma a kira su tantancewa. A Birtaniya ana iya ɗaukar wanda bai kai 18 ba da rubutaccen izinin iyaye, amma makarantun likitanci da dama ba sa barin sa ya shiga ɗakin marasa lafiya kafin ya cika shekarun. A ganina ba zalunci ba ne. Jami'a wuri ne da babu mai tashin yaro da safe ko tambayar inda ya kwana, kuma ƙwaƙwalwa tana iya riga hankali girma. A yi amfani da shekarar wajen koyon kwamfuta ko wani harshe, ko karatun matakin gaba da sakandare wanda zai iya ba shi damar shiga aji biyu.

Tambaya: Malam, a takardar haihuwata an rubuta sunana da haruffa iri ɗaya, a sakamakon jarrabawa wani iri, a katin ɗan ƙasa kuma an sa sunan kakana a matsayin sunan dangi. Shekarar haihuwar ma ta bambanta a biyu daga cikinsu. Zai iya hana ni shiga? Daga wani matashi.

Amsa: Ƙwarai kuwa, ɗana, kuma ya fi hana mutane fiye da yadda ake zato. Ka kwatanta ranar tantancewa: jami'i ya shimfiɗa takardunka huɗu a kan tebur, yana bin su da bakin biro, a ɗaya ya ga harafin u, a ɗaya o, a ta uku an sa sunan uba a gaba, a ta huɗu kuma watan haihuwa ya koma wani. Ba shi da hanyar sanin cewa kuskuren magatakardan makarantar firamare ne. Abin da aka horar da shi ya yi zargi shi ne sakamakon na wani ne. Yanzu da kwamfuta ke gwada bayanai, harafi ɗaya ya isa ya tsayar da rajista. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma daga can take ɗauko suna da ranar haihuwa, don haka duk kuskuren da ke kan katin zai bi ka har takardar digiri.

Ka zaɓi rubutu ɗaya, mafi dacewa shi ne wanda ke kan sakamakon jarrabawa tunda shi ne mafi wuyar canjawa, ka daidaita sauran da shi ta hannun hukumar da ta ba da kowace takarda. Rantsuwar kotu tana taimakawa wajen bambancin haruffa, amma ba ta gyara kundin hukuma, kuma bambancin shekarar haihuwa ya fi na haruffa nauyi nesa ba kusa ba. Ka fara tun yanzu, domin irin wannan gyara yana cin watanni.

Tambaya: Malam, shekarata 34, ina aiki, ina da iyali, kuma difloma ce iyakar karatuna. Ƙofar digiri ta rufe mini ke nan? Daga wani ma'aikaci.

Amsa: Malam, ba ta rufe ba. Mai difloma ko takardar NCE yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu ba tare da zama UTME ba, muddin sakamakonsa ya kai darajar da sashen ke nema, kwas ɗin yana da dangantaka da abin da ya karanta, kuma kiredit ɗinsa na sakandare sun cika. Wannan na ƙarshen shi ne inda manya da yawa ke tuntuɓe, saboda wata kwaleji ta ɗauke su a da ba tare da kiredit na Turanci ko lissafi ba, jami'a kuwa ba za ta yafe kiredit ɗin da kwas ɗin ke buƙata ba. Maganinsa a zauna jarrabawar masu zaman kansu a cike giɓin. Shirye-shiryen karatun gaba da sakandare na IJMB da JUPEB ma aji biyu suke kai mutum.

A wasu ƙasashen an fi haka sassauci. A Birtaniya duk wanda ya kai shekara 21 a lokacin fara digiri ana ɗaukarsa babban ɗalibi, ana duba ƙwarewarsa ta aiki, kuma Buɗaɗɗiyar Jami'ar ƙasar, wadda aka kafa a 1969, ba ta neman wata takarda a yawancin kwasa-kwasanta na digiri na farko. A Amurka mutane da yawa suna yin shekara biyu a kwalejin al'umma sannan su ƙarasa a jami'a. Inda shekaru ke zama cikas shi ne tallafin karatu na gwamnatoci, waɗanda galibi ke da iyakar shekaru ga masu neman digiri na farko. A halinka, karatu daga nesa ko na ƙarshen mako ya fi dacewa da barin aiki.

Tambaya: Malam, wani dillali ya ce zai samo wa ƙanena gurbi a wata jami'a a ƙasar waje ba tare da jarrabawa ba, ko da kiredit ɗinsa uku ne, kuma zai gama digiri a shekara ɗaya da rabi. Ya nuna mana hotunan ginin da takardun waɗanda suka gama. Mu biya? Daga wata yaya mai neman shawara.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku biya. Duk abin da dillalin ya lissafa a matsayin sauƙi, shi ne alamar da ya kamata ta tsorata ku. Makarantar da ba ta damu da abin da ɗalibi ya zo da shi ba, ba za ta damu da abin da zai fita da shi ba, kuma hukumomi da masu ɗaukar aiki sun san irin waɗannan wurare. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida a Najeriya ya bayyana yadda ya samo takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin kimanin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a watan Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Abin takaicin shi ne matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. Bin bayan fage a ƙasashen da suka ci gaba ma ba ya ƙarewa da daɗi: a 2019 hukumomin Amurka suka gurfanar da mutum 50 bisa sayen gurabe da maguɗin jarrabawa, aka ɗaure wasu iyayen, wasu jami'o'in kuma suka kori ɗaliban da abin ya shafa.

Ba duk dillalai ne mayaudara ba. Jami'o'i da dama suna da wakilai na halal, kuma suna buga sunayensu a shafinsu na intanet. Amma wakili na gaskiya ba ya iya sauke sharaɗi, taimakonsa a cike fom da tsara takardu ya tsaya. Kafin a fitar da ko sisi, a duba ko hukumar kula da jami'o'i ta ƙasar da makarantar take ta amince da ita, kuma a duba kwas ɗin shi kansa, domin jami'a tana iya zama halattacciya alhali wani kwas nata bai samu amincewa ba. A duba kuma ko ma'aikatar ilimi ta ƙasar da yaron zai dawo ya yi aiki tana karɓar takardar. Ƙungiyar Jami'o'i ta Duniya tana da kundin WHED na manyan makarantun da aka amince da su, makarantun likitanci ma suna da nasu kundin na duniya, kuma likitan da ya yi karatu a waje sai ya ci jarrabawar majalisar likitocin ƙasarsa kafin a ba shi lasisi. A rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ta adireshin da ke shafinta, a tambaye su ko sun san wannan dillali, kuma duk kuɗin makaranta a asusun jami'ar ake zuba shi, ba na wani mutum ba.

Shi kuma ƙanen naki, kiredit biyu ne kawai suka rage masa. Ya yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, ya mai da hankali kan darussan da ya faɗi da waɗanda kwas ɗin da yake so ke buƙata, sannan ya nemi jami'ar da ke karɓar haɗin zama biyu a shekara mai zuwa.